Baƙin Damina a Yola

Duk wanda ya taso daga Girei a yau ya haye gadar Jimeta cikin 'yan daƙiƙu, da wuya ya tuna cewa a zamanin da, kogin Binuwai ne ke hukunta lokacin da baƙo zai riski Yola, birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, domin kogin da rani yakan janye ya bar rairayi, sai damina ta kankama ya cika ya tumbatsa har ya ɗauki manyan jirage.

A watan Yuni na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya haye kogin a kwalekwale daura da mahaɗarsa da kogin Faro, ya shiga Yola zazzaɓi na cinsa. Da yake tare ya zo da manzannin Barno, masu ɗauke da wasiƙar jayayya a kan iyaka, Lamiɗo Lawal, mai mulkin Yola, bai saki jiki da shi ba, bayan 'yan kwanaki ƙalilan ya umarce shi da ya koma inda ya fito. A ganina Lamiɗo bai yi azarɓaɓi ba, ko da yake marubutan Turai sun daɗe suna ganin baƙinsa.

Bayan shekara 50, a Satumba ta 1901, ruwa na tsakiyar cikarsa, jiragen Ingilishi suka hauro ɗauke da soja da igwa, aka gwabza, Lamiɗo Zubairu ya yi hijira daga birnin.