Tarihin "ƙashin kare": 'yan ƙarafan da ke ɗaga babur ko su sauke shi

1/ Zare. A ƙarƙashin yawancin manyan babura akwai wasu 'yan ƙarafa biyu, tsawonsu kamar tafin hannu, da huda a kowane kai. Turawa na ce musu "ƙashin kare" saboda kamar da suka yi da shi. Ka canja tsawonsu kaɗan, sai babur ya sauka ko ya ƙara tsayi. Shi ya sa mutane da yawa ke yanka nasu a gida. Ga tarihinsu, da abin da ke cikin yanka su.

2/ Mu fara daga tushe. Baburan farko ba su da shokozoba a baya sam. A jikin firam ake ɗaure tayar baya kai tsaye, kamar ta keke. Abin da ke ceton ƙugun mahayi shi ne sifirin ɗin da ke ƙarƙashin sirdi. A lokacin ba a ma maganar sauke babur, tunda yadda aka ƙera shi haka zai zauna har ya tsufa.

3/ Matsalar ba ciwon baya ba ce kaɗai. Tayar da ba ta da sifirin, da ta daki rami sai ta yi tsalle. Muddin tana sama kuwa, ba birki, ba riƙon hanya. Da gudun babura ya ƙaru, wannan tsallen ya fara kayar da mahaya. To daga nan aka shiga neman yadda taya za ta riƙa hawa da sauka ba tare da ta rabu da ƙasa ba.

4/ Cikin waɗanda suka fara samo amsa akwai wani ɗalibin jami'ar Cambridge a Ingila, Philip Vincent. A 1928, yana ɗan shekara 20, ya yi rajistar tsarinsa: tayar baya a jikin ƙarfe mai kusurwa uku da ke lilo, sifirin kuma a ƙarƙashin sirdi. A kan baburin da ya haɗa da kansa ya fara gwadawa. Ɗalibi fa, irinmu.

5/ Sauran kamfanoni kowa ya bi tasa hanyar. BMW ta Jamus, a 1938, ta sa sifirin a cikin bututu biyu a tsaye, kusar tayar na zamewa sama da ƙasa a cikinsu. Triumph ta Ingila kuma, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin cibiyar tayar ta cusa sifirin ɗin. Duk sun fi babu, amma motsin kaɗan ne, kuma da sun sha aiki sai taya ta fara rawa.

6/ Sai Rex McCandless, mutumin Belfast a Arewacin Ireland, wanda bai yi karatun injiniya a jami'a ba. A shekarun 1940 yana karɓar babura masu sandararren baya, ya sa musu hannun lilo da shokozoba biyu. Hannun lilo shi ne ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya, yana juyawa a jikin firam.

7/ Kamfanin Norton ya ɗauki firam ɗin McCandless, wanda aka yi wa laƙabi da Featherbed, wato katifar gashin tsuntsu, don laushinsa. A 1950 Geoff Duke ya ci babbar tseren tsibirin Man a kansa. Daga nan hannun lilo da shok biyu ya zama ruwan dare. Leƙa bayan Boxer ko Jincheng ɗin unguwarku, tsarin nan ne har gobe.

8/ A wannan tsarin lissafin ba wuya. Shok ɗin yana kusa da kusar taya, saboda haka in taya ta hau santimita ɗaya, shi ma kusan haka zai matse. Kana son sauke babur? Sa gajeren shok. Kana son ɗaga shi? Sa dogo. Babu ƙashin kare a nan, don babu abin da zai haɗa.

9/ Tseren daji ne ya rikita komai, wanda ake yi a kan tudu da kwari da taɓo, ana tsalle da babur. A farkon shekarun 1970 tayar bayan irin waɗannan babura wajen santimita 10 kawai take iya motsawa. Mahayi ya diro daga tsalle, sifirin ya ƙure, sauran dukan sai ƙashin bayansa ya karɓa.

10/ Wani injiniya ɗan Beljiyam, Lucien Tilkens, ya haɗa tsarin dogon shok guda ɗaya da ya bi ta ƙarƙashin tanki. E, Beljiyam ɗin nan da muke kiran kayan hannu da sunanta. A kan baburin CZ ya gwada. Suzuki ta duba ba ta saya ba, Yamaha ta saya. A 1973 Håkan Andersson ɗan Suwidin ya ci kambun duniya na ajin 250 da shi.

11/ Daga nan aka shiga rige-rigen tsawon motsi. Wasu kamfanoni, irin su Maico ta Jamus, suka matsar da shok biyun gaba don taya ta samu ƙarin tafiya. Kafin ƙarshen shekarun 1970 motsin tayar baya ya kai wajen santimita 30. Ninki uku kenan a ƙasa da shekara goma.

12/ Amma komai da kuɗinsa. In taya za ta hau santimita 30, dole a bar mata wurin hawa, dole sirdi ya yi sama. Baburan daji suka wuce santimita 90 a tsayin sirdi. Wanda Allah bai ba shi tsawo ba sai ya tsaya da ɗan yatsan ƙafa ɗaya. Matsalar da ake yanka ƙashin kare dominta a yau, a nan aka haife ta.

13/ Akwai matsala ta biyu. Sifirin mai laushi yana shanye ƙananan ramuka, amma ya ƙure a babban tsalle. Mai tauri yana jure tsalle, amma ya jijjiga ka a kan tsakuwa. Ana buƙatar wanda zai fara da laushi, yana matsewa yana ƙara tauri. Ta yaya sifirin ɗaya zai yi aiki biyu?

14/ Amsar ta sake fitowa daga hannun mutum ɗaya. A 1974 wani matashin makanike a Kaliforniya ta Amurka, Donald Richardson, ya cire shok biyun baburinsa ya sa guda ɗaya, ya haɗa shi da hannun lilo ta wasu ƙarafa masu juyawa. A 1975 aka ba shi takardar mallakar fasahar.

15/ Ga yadda abin ke aiki. Ka tuna yadda ake ɗaga dutse da doguwar sanda: inda ka sa matokari shi ke nuna ƙarfin da za ka kashe. A wannan tsarin, taya na hawa kusurwar ƙarafan na canjawa, kamar ana matsar da matokarin. Da farko taya ta yi tafiya mai yawa shok ya matse kaɗan. Can ƙarshe shok na matsewa da yawa, sai tauri ya zo.

16/ A 1978 Richardson ya ƙulla yarjejeniya da Suzuki don su gwada fasaharsa. A ƙarshen 1979 suka ce ba za su saya ba. A 1981 sai ga baburansu na RM da tsarin Full Floater. Ya kai ƙara. A 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta tabbatar da cewa an taka haƙƙin mallakarsa.

17/ A daidai wannan lokacin kowa ya fito da nasa. Kawasaki ta sa Uni-Trak a baburan KX na 1980, Honda ta fito da Pro-Link a 1981, Yamaha ma ta ƙara wa nata shok ɗin ƙarafan haɗi a 1982. Ba a jima ba tsarin ya hau kwalta, misali GPz550 ta Kawasaki a 1982.

18/ A hankali yawancin kamfanoni suka tsaya a kan siffa kusan iri ɗaya: shok a tsaye a tsakiya, wani ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashinsa, sai 'yan sanduna biyu da ke haɗa shi da hannun lilo ko da firam. Sandunan nan su ne ƙashin kare. A babura da yawa falle ne na ƙarfe kawai da huda biyu.

19/ To ka ga inda jarabar take. Sabon shok kuɗi ne masu yawa. Ƙashin kare kuwa duk mai zarto da injin huda zai kalle shi ya ce "ai wannan zan iya". Kasuwar masu sayar da na saukewa da na ɗagawa ta buɗe, masu yi a gida su ma suka bi.

20/ Abu na farko da ya kamata mai yi ya sani: lissafin ba ɗaya-da-ɗaya ba ne. Milimita ɗaya a tsakanin hudojin na iya zama biyu, uku ko fiye a tsayin babur, ya danganta da samfuri. A babura da yawa dogon ƙashi ne ke saukewa, gajere ya ɗaga. A wasu kuma akasin haka ne. Daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda ake aunawa, ba daga baki ba.

21/ Na biyu: ba tsayi kaɗai ka canja ba. Ka matsar da matokarin nan da muka ce, saboda haka laushi da taurin baya ma sun canja. In ka sauke da yawa, taya na iya dukan ƙarƙashin sirdi kafin shok ya ƙure. Ka ɗauko mutum a baya, ku faɗa rami da gudu, taya ta cije. Allah Ya kiyaye.

22/ Na uku: ka sauke baya ka bar gaba, sai kan babur ya kwanta, juya kwana ya yi nauyi, fitila ta koma haska sama. Ka ɗaga baya da yawa, kan ya yi sauri, yana iya fara girgiza a gudu. Sakin sarƙa ma ya canja. Jak ɗin gefe kuma ya yi wa saukakken babur tsawo, ka kafe shi iska ta tura shi ƙasa.

23/ Dubi yadda kamfani ke yi in zai sauke nasa. Suzuki DR650 tana da tsayin sirdi milimita 885, kuma an tanadi hanyar sauke ta da milimita 40. Amma sai an gyara shok na baya, an gyara na gaba, an rage musu tsawon motsi, sannan an sa gajeren jak. Wuri uku ake taɓawa don santimita huɗu kacal.

24/ Na huɗu, wanda ya fi duka: karyewa. Saboda lissafin sanda da matokari, ƙarfin da ke jan ƙashin kare ya ninka nauyin da ke kan taya. Kuma ja ne da saki, ja da saki, a kowane rami. Tun tsakiyar ƙarni na 19 August Wöhler na Jamus ya nuna, a kan sandunan tayoyin jirgin ƙasa, cewa maimaita nauyi na karya ƙarfen da nauyin bai isa ya karya shi a karo ɗaya ba.

25/ Irin wannan tsagewar daga bakin huda take farawa, ko inda zarto ya bar kaifi, ko wurin walda, kuma ba ta sallama. Shi ya sa yanka na asali a ƙara masa tsawo da walda ganganci ne. Alminiyam mai ƙarfi irin 6061 yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa a inda wutar walda ta taɓa. In ƙashin ya tsinke ana tafiya, bayan babur zai zauna a kan taya nan take.

26/ Masu yin abin da hankali ga yadda suke yi. Falle ɗaya na ƙarfen da aka san ingancinsa, kaurinsa bai gaza na asali ba. A ɗaure biyun tare a huda su lokaci guda, don in ɗaya ya fi ɗaya tsawo, gajeren ne zai ɗauki kayan. A bar isasshen ƙarfe kewaye da huda. A goge kaifi. Kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9, daidai da na kamfani.

27/ Sannan gwaji kafin hawa: a ɗaga babur, a cire sifirin daga shok, a ɗaga taya da hannu har ƙarshen tafiyarta, a duba ko akwai abin da ke gogar wani. A tabbatar boris na juyawa, a sa giris. Bayan 'yan tafiye-tafiyen farko a kwance a duba bakin hudojin. Kar a yar da na asali.

28/ A wajenmu, yawancin baburan haya da na gida shok biyu ne, wannan maganar ba ta shafe su kai tsaye ba. Masu manyan babura na hannu ta shafa, inda kayan gyara ke wuyar samu, mai walda kuma yana bakin titi. Kafin a kai ga ƙashin kare, a fara da rage soson sirdi. Yana ba da 'yan santimita, kuma bai taɓa lissafin komai ba.

29/ Vincent, McCandless, Tilkens, Richardson: duk a wajen manyan kamfanoni suka fara, da hannunsu. Saboda haka ba wanda zai ce aikin gida ba ya haifar da abin kirki. Amma kowannensu ya san me kowace huda ke yi kafin ya matsar da ita, ya auna, ya gwada, ya sake. Wanda zai gaje su, wannan ɓangaren zai fara ɗauka, kafin zarto.

30/ Nan zan tsaya. Wanda ya san mai babban mashin da ke shirin sauke shi, ya tura masa zaren nan kafin ya je wurin mai walda. Makanikai da ke nan kuma, in akwai abin da kuka gani a aiki, ku ƙara mana a ƙasa. Allah Ya tsare mu a kan hanya.