Gado ko Ƙwayar Cuta? Tarihin Bincike a kan Kumburin Hanji Cikin Dangi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya: me ya sa cutar kumburin hanji take yawaita a wasu gidaje, tana tsallake wasu?

Mafarin Muhawara

A shekarar 1913 Dalziel, wani likitan fiɗa a Glasgow, ya lura cewa kumburin hanjin da yake gani ya yi kama da wata cutar hanjin shanu, sai ya zargi ƙwayar cuta. A 1932 kuma Crohn da Ginzburg da Oppenheimer suka bayyana cutar a jikin majiyyata 14 a New York, aka kuwa laƙaba mata sunan Crohn. Sai dai an kasa kama ƙwaya guda da za a ɗora wa laifi. Ana nan, a 1988, wani nazari a ƙasar Suwidin ya nuna cewa tagwayen ƙwai ɗaya sun fi na ƙwai biyu kamuwa tare. Amma ba kullum suke kamuwa su biyun ba. Ashe ke nan gado yana da hannu, amma bai isa shi kaɗai ba.

Haɗuwar Ra'ayoyin Biyu

A wannan shekarar ce aka gano cewa jinin masu cutar Crohn yana ɗauke da sinadaran kariya masu yaƙar yis ɗin burodi. Abin mamaki, a 1998 masu bincike a Lille ta Faransa suka sami waɗannan sinadarai a jikin kimanin kashi 20 cikin ɗari na 'yan'uwan majiyyata na jini, alhali lafiyarsu ƙalau. A wajen ɓeraye ma, waɗanda aka gurgunta wa garkuwar jiki ba su yi kumburin ba muddin an raine su babu bakteriya a hanjinsu.

A 2001 aka gano ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda aikinta shi ne gane ɓurɓushin bangon bakteriya. Idan ta sami tangarɗa, sai hulɗar jiki da mazauna hanji ta lalace. Nan ne ra'ayoyin biyu suka haɗu: abin da ake gada shi ne yadda jiki yake karɓar baƙinsa.

Daga 2008 wani shiri da aka fara a Kanada ya bi 'yan'uwan majiyyata kusan 5,000 masu lafiya. Aka tarar waɗanda jininsu ya fi nuna adawa da ƙwayoyin hanji sun fi kamuwa daga baya.

Kammalawa

Darasin da muke gani shi ne, dangin majiyyaci ne suka ba da amsar da majiyyacin kansa ya kasa bayarwa, domin a jikinsu ake ganin abin da yake riga cuta zuwa. Amma mu yi hattara. Yawancin masu ɗauke da waɗannan alamomi ba sa kamuwa, kuma tangarɗar NOD2 da aka sani a Turai ba a cika samunta a Japan ko Afirka ta Yamma ba. Don haka tilas mu nazarci namu iyalan kafin mu ari hukuncin wasu.