Kwalbar da ke Aljihun Tebur: Barasa a Labaran Masu Bincike na Amurka

Masu sharhi da yawa sun ɗauki shaye-shayen jami'in bincike mai zaman kansa a adabin Amurka a matsayin ado, kamar hularsa da doguwar rigarsa. Ra'ayina ya saɓa da wannan. Kwalbar tana da tushe a tarihi, kuma yadda marubuci ya riƙe ta shi ke nuna ko ya faɗi gaskiya ko ya yi kwana.

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita. Sha bai tsaya ba, sai cinikin ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, 'yan sanda da alƙalai da dama suka shiga karɓar na goro. A wannan yanayin mujallar Black Mask ta raini sabon salon labaran bincike. Dashiell Hammett, wanda ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, ya fitar da The Maltese Falcon a 1930. Gwarzonsa Sam Spade yana zuba giya a San Francisco alhali doka ta hana cinikinta, don haka shi ma ba tsarkakakke ba ne a garin da yake bincika. Nan ne ya bambanta da Sherlock Holmes, wanda yake kallon laifi daga sama.

Sai dai salon ya daɗe yana ɓoye kuɗin da mashayi ke biya. Philip Marlowe na Raymond Chandler, tun daga The Big Sleep na 1939, yana ajiye kwalba a ofishinsa, ya sha, a yi masa dukan kawo wuƙa, gari ya waye tunaninsa garau. Chandler ya san ba haka abin yake ba, domin shaye-shaye na cikin dalilan da suka sa kamfanin man fetur da yake yi wa aiki ya sallame shi a 1932. A The Long Goodbye na 1953 ya ɗora ciwon a kan Roger Wade, marubucin da giya ta cinye, amma ya bar Marlowe da mutuncinsa. A ganina wannan rabin gaskiya ce.

Lawrence Block ne ya ƙarasa ta. Gwarzonsa Matthew Scudder tsohon ɗan sandan New York ne da harsashinsa ya kauce ya kashe wata yarinya ƙarama, ya bar aiki da iyali, ya koma zaman otal yana zuba wuski a cikin kofi. A Eight Million Ways to Die na 1982 giya ta kai shi gadon asibiti, yana farkawa bai san me ya aikata jiya ba, kuma mai bincike da ya rasa abin da ya gani ya rasa jarinsa. Littafin ya ƙare yana kuka a taron masu neman daina sha, ya amsa da bakinsa cewa shi mashayi ne. A littattafan da suka biyo baya ya ci gaba da binciken kisa yana halartar waɗannan tarurruka, kuma labaran ba su rasa armashi ba.