Dokar giya a Kano ta girmi Hisba

Jama'a, duk lokacin da Hisba ta farfasa kwalaben giya sai in ga ana ta cacar baki, wai abin ya samo asali ne daga Shari'ar da aka ƙaddamar a 2000. Ni kam ina ganin mun manta tarihi.

A farkon 1903, zamanin Sarki Edward na Ingila, sojojin Turawa suka ci Bebeji da igwa, bayan 'yan kwanaki Kano ta faɗi. Gwamna Lugga ya haramta sayar wa ɗan ƙasa barasar Turai a Arewa, amma shi Bature yana shan abinsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka keɓe wa baƙi Sabon Gari, a hankali gidajen giya masu lasisi suka taru a can. Su kuwa Maguzawan Kiru da Tudun Wada, burkutunsu na dawa suke dafawa tun kafin zuwan kwalba.

Kun ga ke nan, abin da dokar Bature ta duba shi ne: wane ne kai, a wace unguwa kake? Iyakar da ya shata ce har yau muke rigima a kanta.