Kwanon Tuwo a Ƙofar Gidan Yari

Duk wanda ya tashi daga Bagudo ya haye Kwara ya nufi Kaoje da Tsamiya, ko kuwa ya karkata wajen Illo da Lolo inda kasuwa ke haɗa Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, zai yi wuya ya gane inda Najeriya ta ƙare da inda Benin ta soma, domin iyakar nan ba mutanen wurin suka shata ta ba. Ingila da Faransa ne suka zauna a Paris a watan Yuni na 1898, bayan sun daɗe suna rige-rigen kafa tuta a ƙasar Bargu, suka bar wa Ingilishi Illo, Faransa kuma ta riƙe Nikki. Tun daga ranar ya zama mutum yana iya kwana gidan kawunsa ya wayi gari baƙo a idon hukuma, in kuwa ƙaddara ta faɗa masa aka kama shi, sai ya tarar kurkukun da aka jefa shi yana wata daula, danginsa suna wata.

Tambayar wa zai duba halin ɗaurarre tsohuwa ce wurin malamanmu. Alƙali Abu Yusuf, a cikin Kitabul Haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu, ya ja hankalinsa cewa ci da sha da suturar mutanen kurkuku, ta sanyi da ta zafi, wajibi ne su fito daga baitulmali, har ya koka da yadda baƙon da ya mutu a tsare yake kwana ba wanka ba likkafani sai 'yan'uwansa ɗaurarru sun yi karo-karo. Fukaha'un Malikiyya kuwa, waɗanda littattafansu ne alƙalan Gwandu suka tashi da su tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, sun ajiye ƙa'ida cewa sabon alƙali, kafin ya saurari wata ƙara, sai ya fara da binciken waɗanda ke tsare, saboda tsarewa azaba ce, kuma mai yiwuwa cikinsu akwai wanda bai cancance ta ba. Abin lura a nan shi ne ba Yari aka ɗora wa wannan bincike ba, ko da yake shi ke riƙe da mabuɗi, sai wani mutum dabam wanda ba ya cin abinci a hannunsa.

To, amma abin da ke cikin littafi daban, abin da ke bayan ƙyaure daban. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Lugga ya rubuta cewa ya tarar da kurkukun birnin ɗaki biyu ne, kowanne ƙafa 17 a tsawo da 7 a faɗi, ana cusa mutum 135 ciki kowane dare. Mun san mai cin ƙasa ba ya rasa aibin da zai nuna don ya halatta cinsa, amma ƙaryata mai ba da labari ba ta faɗaɗa ɗaki. Su kansu Turawan ba su rushe gidajen yarin sarakuna ba. Sun bar su ƙarƙashin En'e, aka ɗora wa Di'o da likitan gwamnati su riƙa zagayawa suna duba littafin fursuna da abinci da tsabta. Wanda alƙalin gunduma ya ɗaure a yankin Illo ko Kaoje, in ɗaurin ya yi tsawo, dogarai ke tasa ƙeyarsa zuwa Birnin Kebbi, hedkwatar En'en Gwandu. Wannan dubawa kuwa ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu masu rangadi a kan doki, shi ya sa da annobar marisuwa ta sauka Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta bi layin dogo ta watsu cikin Arewa, ta tarar Yaƙin Duniya ya riga ya kwashe ma'aikata da likitoci masu yawa, waɗanda suka rage kuma suna ta kansu. Masana tarihi suna ƙiyasta ta kashe wajen mutum dubu ɗari biyar a Najeriya.

A ranar 1 ga Afrilu 1968 gwamnatin soja ta karɓe gidajen yarin En'e gaba ɗaya ta mai da su na tarayya, kuma wata doka ta 1977 ta ba manyan alƙalai ikon shiga kurkuku su saki wanda suka ga tsarewarsa ta saɓa ƙa'ida, ko ya daɗe yana jiran shari'a fiye da ɗaurin da za a yi masa in da an same shi da laifi. Wannan ita ce tsohuwar ƙa'idar fukaha'u ta dawo cikin rigar boko. Daga baya aka ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ikon ziyarar wuraren tsare mutane, sa'an nan a watan Agusta na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta kuma wajabta wa shugaban gidajen na jiha ya sanar da babban alƙali duk lokacin da wani gida ya cika ya wuce adadinsa.

Duk da waɗannan dokoki, ni a ganina babban mai duba ɗaurarre a ƙasarmu ba ya cikin kowace takarda. Na taɓa tsayawa ƙofar wani ƙaramin gidan yari da hantsi, na ga wata dattijuwa ta sauke kwano daga ka, ta kwance ƙyallen da ta ɗaure shi, ganduroba ya ce, “Iya, ɗanɗana tukuna.” Ta gutsuri tuwo ta dangwali miya ta kai baka a gabansa, kamar yadda ake sa duk mai kawo abinci ya yi, kana aka kira ɗanta. Ba ta fi minti goma ba, amma a cikin minti goman nan ta ga ya rame, ta ga ƙazuwa a tsakanin yatsunsa, ta ji tarin da yake yi, ta tambaye shi ko gabzar tana isarsa, da yamma kuwa duk unguwarsu ta san halin da yake ciki, har kawunsa ya tashi neman mai tsaya masa beli. Babban alƙali yana zuwa ne jefi-jefi, bayan an share fili an yi wa bango farar ƙasa. Mai kwano kuwa ba a yi mata shara.

Wannan ƙofa ce cutar korona ta fara rufewa. An sami mai cutar na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, cikin Maris aka hana ziyara a gidajen yari, Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad kuma ya dakatar da zaman kotuna in ba a kan ƙarar gaggawa ba. Babu mai hankalin da zai zargi killacewa, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, Sayyidina Umar kuma ya juya da mutanensa daga hanyar Sham saboda wannan. Sai dai killacewar da ta hana cuta shiga ita ce ta hana ido shiga, kuma ranar 31 ga Maris tsoro ya tayar da tarzoma a gidan yarin Kaduna, har aka rasa rayuka.

Ranar 9 ga Afrilu ministan cikin gida Rauf Aregbesola ya ba da sanarwar afuwa ga fursunoni 2,600: tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama, da masu ciwon da ake tsoron na ajali ne, da masu taɓin hankali, da waɗanda tarar da ba ta wuce naira dubu 50 ba ta riƙe su. A maƙwabta, Shugaba Issoufou na Nijar ya riga ya saki 1,540. Alheri ne, amma afuwa tana hawa kan wanda aka yanke wa hukunci ne, alhali alƙaluman da gwamnati da kanta ta bayar a lokacin sun nuna cikin mutum 74,127 da ke tsare, 52,226 jiran shari'a suke yi. Waɗannan ba su da abin da za a yafe musu tun da ba a tabbatar da laifinsu ba, alƙali suke bukata, kotu kuwa a rufe. Sai a watan Mayu aka umarci manyan alƙalan jihohi su shiga gidajen su rage cunkoso.

A bakin iyaka rufin ya zama ninki biyu, domin tun watan Agusta na 2019 gwamnati ta toshe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, kuma da aka buɗe guda huɗu a Disamba 2020 babu ta Kebbi ko ɗaya a ciki, ta Kamba ma sai Afrilu 2022. Saurayin Segbana da aka kama a wannan ɓangare da buhu biyu a bayan babur, ko ɗan Tsamiya da 'yan sandan Benin suka kai kurkukun Kandi, shi ne baƙon nan da Abu Yusuf ya ambata. Mahukuntan Abuja ba su san da shi ba, na Kwatano ma haka, ofishin jakadanci kuwa tafiyar kwana ce daga inda yake. Mahaifiyarsa, wadda a da takan bi hanyar gona da asuba ta iso ƙofar kafin tuwo ya huce, in ma ta tsallake masu tsaron iyaka, a bakin ƙyaure za a karɓi kwanon a ce ta koma, ba ta ga fuskarsa ba.