Maganin hana ɗaukar ciki da ya koma maganin sankara

Mu fara daga Gilasgo, 1895. Likita George Beatson ya cire wa wata mai sankarar mama jakunkunan ƙwanta, sai ƙarin ya ja da baya. Daga baya aka gano dalili: wata sankarar da sinadarin mace, istrojin, take ƙiba. A hana ta shi, ta rame.

Wuƙa ta daɗe tana wannan aiki kafin ƙwaya ta karɓe ta. Dora Richardson ta haɗa tamoxifen a 1962 don hana ɗaukar ciki, sai ga shi yana sa mata sakin ƙwai! A 1973 Birtaniya ta amince da shi don sankarar mama.

Sankarar jakar ƙwai, mai yawan dawowa bayan kemo, aron maganin ta yi a makare. A 2017 asibitin MD Anderson na Amurka ya duba bayanan mata 203 masu nau'inta mai tafiyar hawainiya. Waɗanda suka sha irin waɗannan ƙwayoyi bayan kemo sun kai kusan wata 65 kafin cutar ta motsa, sauran wata 26. Mu lura dai: tsofaffin fayiloli aka bincika, kuma nau'in mai saurin yaɗuwa bai cika jin maganin haka ba.