Azumin Kwana Arba'in na 'Yan Katolika a Ƙasar Wudil

Wudil gari ne na bakin kogi, kimanin mil 25 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar Maiduguri. An san shi da gadarsa, da kifinsa, da kasuwar shanu wadda ta ke ci ran Jumma'a. Kusan dukan mutanensa Musulmi ne. Kiristan da su ke bin ɗariƙar Katolika a wannan ƙasa kaɗan ne, kuma iri biyu ne. Akwai baƙi waɗanda ciniki ko aikin gwamnati ko karatu ya kawo, musamman tun da aka kafa makarantar horon manyan 'yan sanda da jami'ar kimiyya a garin. Akwai kuma Hausawan ƙauye, jikokin Maguzawa, waɗanda yawancinsu su ke zaune kudu, wajen ƙasar Sumaila da gaba. Dukansu su kan yi azumi na kwana 40 kafin idin Ista. Tarihin wannan azumi a nan ya rataya ne a kan abu guda: sunan da a ke kiransa da shi na aro ne daga maƙwabta, kuma maƙwabtan suna da tasu ma'ana da ba su sake ba.

Kalmar "azumi" asalinta Larabci ce, daga "as-saum". Hausa ta haɗiye harafin ta'arifi na gaba ya zama jikin kalma, kamar yadda ta yi da "alƙali" da "annabi". Waɗansu masana harshe suna ganin ta bakin Buzaye ta biyo kafin ta iso, gama su ma suna da kalma mai kama da ita. Ko ta ina ta biyo, ba ta zo ita kaɗai ba. Ta zo da 'yan rakiya, watau sahur, da buɗa-baki, da shan ruwa, da ramuwa, da kaffara. Idan aka ce wa Bahaushe wane yana azumi, abin da ya ji shi ne ba ci ba sha daga ketowar alfijir har faɗuwar rana. Sa'ad da Dokta Miller da abokan aikinsa su ka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga a 1932, ba su da wata kalma sai wannan, Katolika kuwa su ka bi sawunsu. A ƙasashen da Faransa ta mallaka abin ya juya: can a kan ji Musulmi mai jin Faransanci yana kiran watan Ramalana "karem", wanda shi ne sunan azumin Katolika, daga kalmar Latin mai nufin na arba'in. Watau a Maraɗi Musulmi ya ari kalmar Kirista, a Kano Kirista ya ari ta Musulmi. Turanci kuwa sunansa ba shi da wata nasaba da barin abinci, tsohuwar kalma ce kawai ta lokacin da yini ya ke ƙara tsawo a Ingila bayan sanyi.

Shi kansa azumin tsoho ne ƙwarai. An ambaci kwanakin arba'in a taron manyan limaman Kirista da aka yi a Nikiya a shekarar 325, abin koyinsu kuwa shi ne kwana 40 da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi a jeji ba ya cin abinci. Ana farawa ran Laraba, wadda a ke kira Larabar Toka. Daga nan zuwa Ista kwana 46 ne, amma ba a lissafa Lahadi shida da su ke ciki. Tun da ya ke ranar Ista tana bin wata da rana gaba ɗaya, ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Larabar Toka kuma ba ta wuce tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris. A Turai wannan ƙarshen sanyi ne. A ƙasar Kano kuwa azumin ya kan shiga da wutsiyar hunturu, ya fita a tsakiyar bazara, sa'ad da zafi ya kai iyaka, rijiyoyi su ka yi nisa, hatsin rumbu ya fara ja da baya.

Katolika sun daɗe ba su sami wurin zama a ƙasar Hausa ba. Waɗansu limamai biyu na ƙungiyar Faransis sun taso daga Tarabulus a 1710, su ka bi ta Agadas, su ka mutu a Katsina a 1711, ba su bar kowa a bayansu ba. Bayan da Turawa su ka ci ƙasar, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, aka hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Abin da ya kawo cocin Katolika Kano shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911, ya kwaso akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu aka zaunar da su a Sabon Gari. Limamansu na ƙungiyar SMA ne, Faransawa da fari, daga baya mutanen Ailan. Aikinsu kula da baƙi ne, ba su da izinin shiga ƙauye. Mishan na farko da ya sami ƙafa a wajen Wudil ba na Katolika ba ne, SIM ce, wadda ta karɓi aikin jiyyar kutare a Sumaila cikin shekarun 1930. Cocin ECWA da ya fito daga cikinta bai ɗauki azumin arba'in farilla ba. Saboda haka har yau, a ƙauye guda, a kan sami Kirista mai toka a goshi da Kirista wanda bai san ranar ta zo ba.

A 1960, shekarar samun mulkin kai, azumin biyu sun haɗu: watan Ramalana ya kama a ƙarshen Fabrairu, Larabar Toka ta faɗo ran 2 ga Maris. A lokacin Kano tana ƙarƙashin babban bishop na Kaduna, ana salla da Latin, wa'azi kuwa yawanci da Turanci ko harsunan Kudu. Dokar da a ke bi ita ce ta littafin shari'ar coci na 1917. Bisa gare ta, wanda ya cika shekara 21 bai shiga ta 60 ba zai ci cikakken abinci sau ɗaya tak a yini, kowace rana ban da Lahadi, sai ɗan abin taɓawa da safe da maraice. A waɗansu ranaku kuma, Jumma'a ce babbarsu, ba a cin nama. Ba a kuma yin shagalin ɗaurin aure a coci sai bayan Ista. Limamai suna da ikon sassauta wa mai aikin ƙarfi da marar lafiya. Ko a wannan tsanani ba a hana shan ruwa ba, nan ne kuwa ma'anar biyu su ka rabu tun farko. Amma aƙalla akawun reluwe mai bin doka yana iya ce wa abokin aikinsa Musulmi shi ma yau yana da azumi, gobe ma haka.

Shekarar 1966 ta sāke abin ta fuska biyu. Ran 17 ga Fabrairu Paparoma Bulus na 6 ya fid da wata doka wadda ta rage azumin farilla ya koma kwana biyu kawai, Larabar Toka da Jumma'ar da a ke tuna gicciye Almasihu, sauran Jumma'o'i kuwa barin nama kaɗai. Hujjarsa ita ce tuba ta zuciya ita ce gaba, kuma bai kamata a ɗora wa mai wadata da matalauci kaya iri ɗaya ba: mai wadata ya rage jin daɗi ya yi sadaka, wanda talauci ya riga ya matsa kuwa ya miƙa wahalarsa ga Allah cikin addu'a. Dokar 1983 ta tabbatar da haka, ta mai da shekarun farawa 18. A cikin wannan shekara ta 1966 kuma, a watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba, aka yi kashe-kashen da su ka sa Inyamurai su ka bar Arewa. Su ne mafi yawan Katolikan Kano. Coci-coci su ka zama kusan kango.

Bayan wannan ne hankalin limamai ya ƙara komawa kan masu jin Hausa, da waɗanda su ka zo daga kudancin Zariya da Filato, da Maguzawan ƙauye. Babban taron Batikan na biyu kuwa ya riga ya ba da izini tun 1963 a yi salla da harshen mutane. To, ga inda abin ya zama da ban mamaki. Daidai lokacin da azumin arba'in ya fara magana da Hausa, ya sadu da mutanen da su ka tashi suna ganin maƙwabtansu suna wuni 29 ko 30 ba ci ba sha, a lokacin ne Roma ta sauke masa nauyi. Bamaguje ya san azumi sarai ko da bai taɓa yi ba, gama yana cin kasuwa ɗaya da masu yi. Aka zo aka gaya masa nasa na kwana biyu ne, kuma yana iya shan ruwa. A idon maƙwabcinsa wannan bai fi azumin yara ba, irin wanda su kan yi zuwa azahar a ce za a ɗinke musu. Ba abin mamaki ba ne da ya ke a kan sami Kiristan Arewa da yawa, har da Katolika, waɗanda su ke wuni ba ci ba sha har maraice bisa ga ganin damarsu, ko da ya ke doka ba ta nema ba. Kalmar ce ta jawo al'adar zuwa ga ma'anarta ta dā.

Dokar barin nama ma tana da nata cikas a nan. An yi ta ne a ƙasashen da nama ya ke abincin yau da kullum na masu hali, kifi kuwa na talaka. Manomin da ba ya ganin nama sai ran biki ko ran kasuwa, me ya bari? Sai dai a Wudil, da ya ke ran Jumma'a ce kasuwa ta ke ci, ranar hani ta faɗa daidai ranar da mahauta su ke yanka, mutumin ƙauye kuma ya shigo da ɗan kuɗi a aljihu. Amma kuma kifin kogi yana nan a bakin gada, doka ta halatta shi, sau da yawa ma ya fi tsire tsada. Abin da ya fi zama sadaukarwa ta gaske ga Maguzawa shi ne giya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya nuna yadda giyar dawa ta ke a tsakiyar bukukuwansu da tsafinsu. Rani kuwa shi ne lokacin aure da biki, sa'ad da aikin gona ya ƙare. Azumin da ya faɗo cikin rani ya ce a rage shagali, ya taɓa wurin da barin nama bai taɓa ba.

Toka kuwa ba ta bukaci dogon bayani ba. Ana samun ta ne daga ƙona ganyen dabino da aka riƙe a Lahadin da ta gabaci Istan bara. Liman ya shafa wa mutum a goshi da siffar gicciye, ya tuna masa cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Paparoma Urban na 2 ne ya umarci kowa da kowa ya karɓa, a 1091. Bahaushe ya san afi, watau zuba ƙasa a ka gaban sarki don nuna ƙanƙan da kai, ya kuma san Musulmin da ya tashi daga sujada ya bar ƙasa a goshinsa bai share ba. Abin da ya rage shi ne ƙarfin hali, domin wanda ya shiga kasuwa da toka a goshi ya faɗi addininsa ba tare da ya buɗe baki ba.

A ƙauye, inda Fada ba ya zuwa sai jifa-jifa, katikis ne ya ke riƙe da lokacin. Shi ya ke jan mutane ran Jumma'a su bi Hanyar Gicciye, matsayi 14, suna durƙusawa a kowane. Shi ya ke koya wa masu neman baftisma, waɗanda za a yi wa a daren Ista, shi ne kuma ya ke fama da maganar mai mata biyu ko uku wanda doka ba ta yarda a yi masa ba sai ya zauna da ɗaya. Ran da Fada ya zo, sai a yi layi don furta zunubi, gama tun 1215 wajibi ne kowa ya yi sau ɗaya a shekara. Matan Zumunta su ne su ke tara hatsi ko kuɗi na sadaka. Samari da yawa kuwa ba su nan, sun tafi cin rani birni.

Azumin biyu sun sāke haɗuwa a 1992, Larabar Toka ran 4 ga Maris, Ramalana kwana ɗaya ko biyu bayanta. Shekara guda kafin nan, a Maris 1991, Roma ta yanke Kano daga Kaduna ta ba ta mulkin kanta, abin da ya kai ga zama cikakkiyar dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, wanda Bishop John Namaza Niyiring ya gada a 2008. Amma a Oktoba 1991 an yi tarzoma a Kano a kan zuwan mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke, wanda ba Katolika ba ne, aka yi asarar rayuka da yawa. Azumin 1992 an yi shi ne wata biyar bayan wannan.

A 2025 watan Ramalana ya kama ran 1 ga Maris, Larabar Toka ran 5. A wannan karo gwamnatocin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi su ka rufe makarantu na kimanin mako biyar saboda azumi, ƙungiyar bishop-bishop na Katolika ta Nijeriya kuwa ta fito ta ce ba ta yarda ba, tana cewa ƙasar ba ta addini ɗaya ba ce, kuma Arewa ce ta fi yawan yaran da ba su zuwa makaranta. Masu goyon bayan rufewar su ka kawo hujjar zafi da wahalar yaro mai azumi a aji. Kowane ɓangare yana cewa "azumi", ɗaya yana nufin abin da ya ke tsai da aikin gari duka, ɗaya yana nufin abin da Linjila ta ce a yi shi a ɓoye, a wanke fuska kada mutane su gane. Bisa ga lissafi, 2027 ce shekarar ƙarshe ta wannan haɗuwa, gama Ramalana yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ba kuwa zai sāke riskar azumin arba'in ba sai wajen 2055.